Shirin Ƙungiyar Ƙwallon Ƙafa ta Ɗalibai Kafin Sabuwar Kaka: Abin da Na Gani a Azuba

Gabatarwa

Duk wanda ya fito daga garin Lafiya da sassafe ya kama hanyar Akwanga, da zarar ya wuce Shabu ya doshi Azuba, da wuya ya rasa cin karo da samari suna sassarfa a gefen titi, wasu sanye da jesi, wasu da singileti, wasu kuma da tsohuwar rigar wasanni ta sakandare. Mafi yawansu 'yan ƙwallon unguwa ne. Amma a ƙarshen daminar da ta wuce an sami baƙi a cikinsu, wato 'yan wasan ƙungiyar ɗalibai maza ta wata babbar makaranta da ke yankin, waɗanda ruwa ya kwanta a filinsu, suka nemi izini suka riƙa yin atisaye a wani fili da ke bayan gidanmu. Kasancewar ina hutu a lokacin, kuma ba ni da wani aiki da safe in ban da ɗiban ruwa, sai na zama ɗan kallo na kullum, har ta kai kocinsu yana aikena in tsinto ƙwallo idan ta faɗa gonar rogo.

Manufar wannan maƙala ita ce ta bayyana wa mai karatu abin da ake nufi da shirya wa sabuwar kaka, da dalilin kowane mataki da ake bi, ta hanyar haɗa abin da na gani da ido da abin da masana motsa jiki suka tabbatar. Abin da na fahimta shi ne, makonni shida ko bakwai ɗin nan da ake yi babu 'yan kallo, babu kofi, su ne ke yanke hukuncin yadda kaka za ta kaya. A wasu lokutan ma su ne ke yanke hukuncin ko yaro zai koma wa iyayensa da ƙafafunsa.

Wace kaka?

Tunda mujallarmu ta masu nazarin harshe ce, bari mu fara da kalmar kanta. A wurin Bahaushe, kaka lokacin girbi ne, tsakanin damina da hunturu. 'Yan jarida ne suka faɗaɗa ma'anarta, muka wayi gari muna jin kakar wasanni da kakar zaɓe. A ganina waɗanda suka yi wannan faɗaɗawa sun yi dace, domin babu manomin da ke girbi ba tare da ya yi sharar gona da huɗa da shuka da noma ba. Shirin kaka shi ne sharar gonar ɗan ƙwallo.

Sai dai kakar ɗalibi ta bambanta da ta ƙwararru. Manyan ƙungiyoyin Turai kan dawo daga hutu a watan Yuli, su yi makonni biyar zuwa bakwai suna shiri, sun san ranar da za su buga wasan farko. Ita ma Nasarawa United, wadda ke wasa a filin garin Lafiya, tana da gasar ƙasa da take jira kowace shekara. Ɗalibi kuwa kalanda biyu yake bi, ta aji da ta fili, kuma kowace tana iya sauyawa ba tare da ta yi shawara da ɗayar ba.

Gasar da ɗaliban jami'a suka fi sa wa ido ita ce ta Ƙungiyar Wasannin Jami'o'in Nijeriya, wadda aka fi sani da NUGA, wadda aka fara yi a Ibadan a 1966. Ɗaliban kwalejojin kimiyya da fasaha suna da tasu mai suna NIPOGA, na kwalejojin ilimi kuma NICEGA. A ƙa'ida bayan kowace shekara biyu ake yin NUGA, amma bayan wadda aka yi a Makurɗi a 2017, sai a 2022 aka sake haɗuwa a Jami'ar Legas. Ke nan akwai ɗalibin da ya shiga jami'a ya fita bai ga ko ɗaya ba. A 2018 kuma aka fara wata gasa ta ƙwallon ƙafa zalla mai suna HiFL, kuma maƙwabtanmu na Jami'ar Aikin Gona ta Makurɗi ne suka ɗauki kofin farko. Wannan ya buɗe idon samarin yankinmu ƙwarai, domin sun ga ashe ba sai kana Legas ko Ibadan ba. Yankin Lafiya kuwa ba ya rasa makarantun da za su fitar da 'yan wasa: ga Jami'ar Tarayya ta Lafiya da ta fara aiki a 2011, ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Isa Mustapha Agwai, ga Kwalejin Aikin Gona, ga kuma Tsangayar Aikin Gona ta Jami'ar Jihar Nasarawa da ke Shabu.

Babban abin da ke wargaza shiri shi ne yajin aiki. Na malaman jami'o'i na 2020 ya ɗauki wata tara, na 2022 kuma wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Jikin ɗan wasa kuwa ba ya ajiyar ƙarfi kamar yadda rumbu ke ajiyar hatsi. Idan ya daina atisaye, cikin mako biyu zuwa huɗu juriyarsa ta fara raguwa. Saboda haka duk lokacin da aka dawo daga dogon hutu, daga tushe ake sake ɗaukowa, ko da 'yan wasan na bara ne.

Tantancewa

Makon farko na tantancewa ne. Samari suka cika fili, har da waɗanda daga ganin yadda suke ɗaure takalmi ka san sha'awa ce kawai ta kawo su. Kocin ya raba su gida-gida suna bugawa, yana tsaye da littafi yana rubutu, ba ya cewa uffan. Amma kafin a duba ƙafar mutum, sai an duba katinsa na makaranta da takardar rajistarsa ta bana. Dalili shi ne matsalar sojan haya, wato a ɗauko ɗan wasan kulob wanda ba ɗalibi ba ne a sa masa jesin makaranta. Idan abokan karawa suka kai ƙara aka tabbatar, wasan da aka ci da gumi sai a ƙwace shi a kan tebur.

Akwai kuma batun karatu. Wasu iyaye suna ganin ƙwallo da boko ba sa haɗuwa, amma tarihi bai goyi bayansu ba. A cikin 'yan wasan da suka ci wa Nijeriya kofin Afirka na farko a Legas a 1980 akwai Adokiye Amiesimaka, wanda ya karanta shari'a a Jami'ar Legas, daga baya ya zama babban lauyan gwamnatin jihar Ribas. Akwai Segun Odegbami, wanda ya yi karatun injiniya a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Ibadan, shi ne ya zura ƙwallo biyu cikin ukun da aka ci Aljeriya a wasan ƙarshe. Duk da haka, gaskiya ce cewa awa biyu a fili da asuba sannan lacca ƙarfe takwas ba ƙaramin nauyi ba ne, kuma na ga masu gyangyaɗi.

Takardar asibiti

A nan ne zan ɗan daɗe, domin a nan ne aka fi yin sakaci. Bayan an tace 'yan wasa, kocin ya ce kowa ya je asibitin makaranta a duba shi ya kawo takarda, wanda bai kawo ba kada ya taka masa fili. Nan fa aka shiga gunaguni. Wani dogo mai buga lamba biyar ya matso ya ce, "Koci, ni fa lafiyata ƙalau, tun ina firamare nake buga ƙwallo, ko ciwon kai ban cika yi ba." Kocin bai ko ɗaga kai daga littafinsa ba ya ce, "Na ji. Kawo takarda."

Mu mutanen Lafiya bai kamata a yi mana dogon bayani a kan wannan ba. Ranar 8 ga Maris, 2020, ana cikin wasa tsakanin Nasarawa United da Katsina United a filin garinmu, ɗan bayan Nasarawa United, Chineme Martins, ya yanke jiki ya faɗi, kuma daga nan bai sake tashi ba. Iyayenmu kuma suna tuna Samuel Okwaraji, wanda ya faɗi a babban filin wasa na Legas ranar 12 ga Agusta, 1989, a wasan Nijeriya da Angola na neman zuwa gasar cin kofin duniya. Shekararsa 25, kuma shi ma ɗan boko ne da ya karanta shari'a a birnin Rum. Binciken likitoci ya nuna zuciyarsa ta yi girma fiye da ƙima. Haka Marc-Vivien Foé na Kamaru ya rasu a filin Liyon ta Faransa a 2003. Dukkansu ƙarfafa ne, babu wanda zai kalle su ya ce ga mai ciwo.

Abin da ke faruwa shi ne, akwai cututtukan zuciya da ake haihuwar mutum da su, kamar kaurin tsokar zuciya ko tangarɗa a tsarin bugawarta, waɗanda ba sa nuna kansu sai an matsa wa jiki. Shi ya sa gwajin yake farawa da tambayoyi tun kafin a taɓa na'ura. Ka taɓa suma kana cikin gudu? Ƙirjinka na yi maka ciwo idan ka motsa? Numfashinka na yankewa tun abokanka ba su gaji ba? A danginku akwai matashin da ya taɓa mutuwar fuju'a? Bayan haka sai a auna hawan jini, a saurari zuciya, inda akwai hali kuma a sa na'urar da ke zana bugunta a takarda. Ɗan wasan da ya ɓoye amsa don kada a cire shi daga ƙungiya, kansa ya cuta.

Sai gwajin jinin sikila. Kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Nijeriya yana da jinin AS. Mai irin wannan jini ba mara lafiya ba ne, kuma babu abin da zai hana shi buga ƙwallo har ya shahara. Haɗarin yana zuwa ne idan aka tilasta masa gudu mai tsanani ba hutu, cikin zafi, ga ƙishirwa, musamman a kwanakin farko da jiki bai saba ba. A irin wannan hali ƙwayoyin jininsa na iya lanƙwashewa su toshe ƙananan hanyoyin jini, tsoka ta fara lalacewa. Bayan rasuwar wasu ɗalibai 'yan wasa a Amurka, hukumar wasannin jami'o'in ƙasar ta shigar da wannan gwaji cikin ƙa'idojin manyan makarantunta a 2010. Mu da muka fi su yawan masu wannan jini, mu ya kamata mu riga su. Haka nan zazzaɓin cizon sauro, wanda ƙarshen damina lokacinsa ne: wanda jikinsa ke da zafi ba ya atisaye, ko da gobe ne wasan ƙarshe.

Gwaji ba ya gano komai da komai, don haka akwai shiri na biyu, wato sanin abin yi idan an faɗi. Ƙa'idar da likitocin ƙwallo ke koyarwa ita ce, duk ɗan wasan da ya zube babu wanda ya taɓa shi, kuma ba ya amsawa, a ɗauka zuciyarsa ce ta tsaya har sai an tabbatar da akasin haka. Abin da muka saba yi a nan, wato a taru a kansa, a kwara masa ruwa, a cusa masa cokali a baki, ɓata lokaci ne kawai. Abin da ake so shi ne a kwantar da shi rigingine a kan ƙasa mai tauri, mutum ɗaya ya ɗora hannu bisa hannu a tsakiyar ƙirjinsa yana dannawa da ƙarfi, zurfin santimita 5 zuwa 6, sau 100 zuwa 120 a minti ɗaya, ba tsayawa, wani kuma ya ruga neman mota da na'urar farfaɗo da zuciya idan akwai. Kowane minti ɗaya da ya wuce ba a yi komai ba yana rage damar rayuwa da kusan kashi goma cikin ɗari. Christian Eriksen na Denmak ya faɗi irin wannan faɗuwa a gaban duniya ranar 12 ga Yuni, 2021, amma da yake an fara danna ƙirjinsa nan take aka kuma sa masa na'ura, ya rayu, har ya koma buga ƙwallo. Koyon wannan dannawa ba ya cin awa ɗaya, kuma ba ya cin ko kwabo.

Gina jiki

Akwai wata tsohuwar al'ada a filayenmu, ta cewa ranar farko sai an gasa wa yara aya a hannu: zagaye ashirin, tsallen kwaɗo, hawan tudu, har sai wani ya yi amai sannan a ce atisaye ya yi kyau. Wannan kocin bai yi haka ba, har wasu 'yan kallo suna cewa sanyi gare shi. Amma ilimi yana bayansa. Zuciya da huhu suna saurin sabawa da aiki, cikin 'yan makonni an ga canji, alhali jijiyoyi da gaɓoɓi da ƙashi suna buƙatar lokaci mai tsawo. Idan aka ɗora kaya da yawa a makon farko, numfashi zai ɗauka amma gwiwa da idon sawu ba za su ɗauka ba, sai ka ga kafin a fara gasa rabin ƙungiya na ɗingishi.

Ƙwararren ɗan wasa yana cin kilomita 10 zuwa 12 a cikin minti 90, amma mafi yawan wannan tafiya ce da sassarfa, jefi-jefi kuma a fizga da gudu na 'yan daƙiƙoƙi, a tsaya, a juya, a yi tsalle. Saboda haka gudun dogon zango a gefen titin Akwanga tushe ne kawai, bai isa ba. Makonni biyu na farko aka yi su a kan sassarfa da taɓa ƙwallo. A na uku da na huɗu aka shiga gudun yanka-yanka: minti huɗu da ƙarfi, minti uku a hankali, har sau huɗu. Wani bincike da aka yi a Norwe a 2001 ya nuna cewa matasan 'yan ƙwallo da suka yi irin wannan sau biyu a mako na tsawon mako takwas sun sami ƙarin juriya da kusan kashi goma cikin ɗari. Da yake samari sun tsani gudu babu ƙwallo, sai kocin ya riƙa ɓoye wahalar a cikin wasan 'yan huɗu-huɗu a ɗan ƙaramin fili da aka shata da duwatsu da robobin ruwa. A irin wannan wasa babu wurin ɓuya, kowa sai ya yi gudu, kuma suna dariya suke yi. Sai a makonnin ƙarshe aka kawo tsere na gajeren zango da wasannin sada zumunta. Ranar hutu kuwa tana cikin tsarin, domin a lokacin hutu da barci ne tsoka ke gyara kanta ta ƙara ƙarfi.

Abu ɗaya da ba su taɓa tsallakewa ba shi ne ɗumama jiki. Tsarin da suke bi shi ne wanda hukumar FIFA ta fitar a 2006 mai suna 11+. Minti 20 yake ɗauka, motsi 15 ne a cikinsa, kashi uku: gudu a hankali tare da buɗe ƙugu, sannan ƙarfafa ciki da cinya da koyon tsayuwa da ƙafa ɗaya da dira bayan tsalle, sannan gudu mai sauri da sauya hanya. Wanda ya fi ba ni sha'awa shi ne na tsokar bayan cinya, wadda ita ce ta fi yawan yagewa ga 'yan ƙwallo. Mutum zai durƙusa, abokinsa ya danne masa dugadugai, shi kuma ya riƙa sunkuyowa gaba sannu a hankali yana riƙe kansa, har sai ya kasa sannan ya tare ƙasa da hannu. Daga nesa kamar wasan yara, amma washegari kowa na tafiya kamar an yi masa kaciya. An gwada wannan tsari a kan matasan 'yan ƙwallo a Legas, sakamakon da aka buga a 2014 ya nuna raunuka sun ragu da kashi 41 cikin ɗari. Wani gwajin a kan ɗalibai maza na jami'o'in Amurka, wanda aka buga a 2015, ya nuna raguwar kashi 46. Babu na'ura, babu kuɗi, sai dai haƙurin yin sa aƙalla sau biyu a mako.

Rana da ruwa da ciki

Lafiya tana cikin kwarin Binuwai, zafinta mai gumi ne, kuma a watan Maris yakan doshi digiri 40. Jiki yana buƙatar mako ɗaya zuwa biyu kafin ya saba da aiki cikin zafi, shi ya sa ake atisaye da asuba ko bayan la'asar, a kuma riƙa matsawa sannu-sannu zuwa lokacin da za a buga ainihin wasa. Ɗan wasa na iya zubar da gumi lita ɗaya zuwa biyu a awa guda, kuma da zarar ya rasa kashi biyu cikin ɗari na nauyinsa, gudu da tunani duk sun fara raguwa. Hanya mafi sauƙi ta ganewa ita ce a hau sikeli kafin atisaye da bayansa: kowane kilo ɗaya da ya tafi, a mayar da ledar ruwa uku. Inda babu sikeli, launin fitsari ya isa shaida, idan ya yi duhu to jiki na bin bashi. Wanda ya yi gumi sosai kuma yana iya haɗa lita ɗaya ta ruwa mai tsabta da ƙaramin cokali shida na sukari da rabin cokali na gishiri. Tsohuwar maganar nan ta cewa shan ruwa a fili ragwanci ne ba ta da tushe. Ko a gasar cin kofin duniya ta 2014 a Birazil sai da alƙalin wasa ya tsayar da wasan Holan da Meziko don a sha ruwa.

Batun abinci kuwa, Allah ya hore wa ƙasarmu doya da shinkafa da rogo da wake da gyaɗa da riɗi, kuma waɗannan sun wadatar da ɗan wasa idan ya sami ƙwai ko kifi jefi-jefi. Matsalar ita ce aljihun ɗalibi. Akwai waɗanda ke zuwa fili da garin kwakin da suka sha tun daren jiya. Ganin haka ne kyaftin ya kawo shawarar karo-karo, ana sayen ƙosai da kunu bayan atisaye, kuma a ganina wannan ya yi wa ƙungiyar amfani fiye da sabuwar jesi. Abin da ya fi tsorata ni shi ne masu neman ƙarfi a cikin ƙwaya. Tiramadol ba ya ƙara ƙarfi, ciwo yake ɓoyewa, sai mutum ya ci gaba da gudu a kan raunin da ya kamata ya tsayar da shi. Hukumar yaƙi da shan ƙwayoyi a wasanni ta duniya ta haramta shi a lokacin gasa tun daga farkon 2024.

Dole kuma jadawali ya san mutanensa. Ƙungiyar ta haɗa Musulmi da Kirista, don haka babu atisaye da tsakar ranar Juma'a, babu da safiyar Lahadi. Azumin Ramadan yana matsowa baya da kimanin kwana 11 kowace shekara, a 2025 ya faɗo cikin Maris, tsakiyar zafi. Idan shiri ya haɗu da shi, akan rage nauyi a mayar da atisaye daf da shan ruwa ko bayansa.

Dabaru da harshen fili

A kan dabaru ba zan ja magana ba, domin kowane mai kallon ƙwallo a gidan kallo yana ganin shi ma koci ne. Sun zaɓi tsarin 'yan baya huɗu, 'yan tsakiya uku, 'yan gaba uku, suka kuma ba da lokaci mai yawa ga bugun kusurwa da bugun tazara da fenariti, saboda a fili mai gargada inda ƙwallo ba ta tafiya daidai, irin waɗannan ne suka fi kawo ci.

Abin da ya fi jan hankalina a matsayina na ɗalibin harshe shi ne bakin da suke magana da shi. A cikinsu akwai Eggon da Alago da Migili da Gwandara da Tibi da Mada da Hausawa, har da Ibo da Yarabawa. A aji Turanci suke ji, amma da zarar wasa ya yi zafi sai Hausa ta karɓe fili: "Ba ni!" "Bayanka!" "Tare shi!" "Ɗaga kai!" "Fita, fita!" Kalmomi ne gajeru da za a iya faɗa ana haki. Ni da ba da Hausa na buɗe baki ba, na lura da wani abu da ya sa ni murmushi. Mai tsaron gida, ɗan Lafiya, idan ya fito kama ƙwallo sai ya ce "Bar shi!" Ɗan bayansa kuma, wanda ya taso a Kano, "Bar ta!" yake cewa. Wannan shi ne rashin bambanta jinsi da malamanmu ke faɗa game da Hausar yankunan kudu, ga shi a fili ƙuru-ƙuru. Har ila yau, kalmomin rediyo daban, na fili daban. Mai sharhi zai ce bugun daga kai sai mai tsaron gida, ko satar gida, ko alƙalin wasa, amma ban taɓa jin ɗan wasa ya tsaya faɗin waɗannan ba, fenariti da ofsayid da rafali yake cewa. Kunnen doki da canjaras ne kawai na ji sun sami karɓuwa a ko'ina. Ga mai neman batun kundin kammala digiri, ga shi nan kyauta. Kocin ma ya ɗauki maganar da muhimmanci, ya sa aka tsayar da kalma ɗaya ga kowane umarni, domin idan mai tsaron gida da ɗan baya suka yi wa juna rashin fahimta na daƙiƙa ɗaya, sai dai a tsinto ƙwallo a raga.

Makon ƙarshe

A makon ƙarshe rage aiki ake yi, ba ƙari ba. Ƙarfin da ba a samu a mako biyar ba, ba za a same shi a kwana biyar ba, ba a fafe gora ranar tafiya. Atisaye ya koma gajere mai kaifi, aka shiga lissafin kuɗin mota da wankin jesi da cika akwatin magani da bandeji da auduga.

Ranar da aka karanta sunayen waɗanda aka zaɓa, babu sunan dogon nan mai buga lamba biyar. Ya kawo takardarsa, amma an sami jininsa ya hau a awo biyu daban-daban, likita ya ce ya dakata sai an ƙara bincike. Ya yi kwana uku bai zo ba. A rana ta huɗu ya dawo da kayan gida, kocin ya miƙa masa akwatin magani da usur na biyu, ya ce daga yau shi ne mai kula da ruwa da ɗumama jiki, shi kuma zai je asibitin makaranta a koya masa danna ƙirji ya dawo ya koya wa saura.

Suna cikin haka sai ga sanarwa cewa an ɗage ranar fara gasa da mako uku saboda jarrabawa. Kocin ya karanta, ya ninke takardar ya sa a aljihu, ya ce kowa ya tafi ya yi karatu, a riƙa haɗuwa sau uku a mako maimakon biyar don kada jiki ya yi sanyi. A lokacin ruwa ya janye daga filinsu, sai suka tattara robobinsu suka koma can, ni kuma hutuna ya ƙare.